Guguwa ta kwashe rufin gidanmu a unguwar Aboabo ta Kumasi, ta ina za mu fara?

Uwar Marayu: Salamu alaikum. Iskar da ta zo gaban ruwan daren jiya ta ɗage rufin ɗakuna uku a gidanmu, ta kayar da mangwaro kan katanga har ya tsinka wayar lantarki. Kwanukan da muka tsinto za su sake bugowa? Sannan akwai bishiyar dogon yaro a tsakar gida, masu haya sun ce a sare ta yau.

Mai Gyaran Wuta: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Wayar tukuna. Duk wayar da ta faɗi a ɗauka cewa akwai wuta a jikinta, ko unguwa ta yi duhu, domin ana iya dawo da wuta ba sanarwa. A janye yara nesa, kamar mita 10, kuma kada a taɓa bishiyar ko kwanon da ke jingine da ita, jiƙaƙƙen itace yana ɗaukar wuta. Ku kira kamfanin lantarki na ECG, in akwai tartsatsi ko rauni ku kira 112. Ku kashe babban makunnin gidan, kada a kunna sai an duba wayoyin cikin silin, ruwa ya shige su. Ku ɗauki hotuna kafin a kwashe komai, ku kai rahoto ga NADMO, hukumar agajin gaggawa, a majalisar gundumar Asokore Mampong.

Tsohon Kafinta: Hajiya, ku duba abin da ya faɗo. Idan kwano ne zalla, ramukan ƙusa sun yage, laifin ƙusa ne. Idan ya taso da katakonsa, to ba a ɗaure rufin da bango ba, kuma wannan ya fi yawa a tsofaffin gidajen Zango.

Iska tsotson rufi take yi sama, tana farawa daga kusurwa da baki. In taga ko ƙofa ta ɓalle ta ɓangaren da take kaɗowa, sai iskar ta cika ɗaki ta tura daga ciki. Saboda haka masu cewa a buɗe tagogi iska ta wuce ɓarna suke koyarwa.

Wajen gyara, katakon da ke kwance kan bango a ɗaure shi da rodi mai milimita 6 wanda aka binne cikin kankaren saman bango, duk mita ɗaya. Kowane rafta, wato katakon da ke tasowa daga bango zuwa ƙololuwa, a kama shi da ɗaurin ƙarfe, ƙusar da aka buga a karkace ba ta isa ba. Katakon da ake buga kwano a kai kada tazararsa ta wuce santimita 90, a matse ta a baki. Ƙusa mai hula ko sukuru mai roba, a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba: a baki da ƙololuwa kowane tudu, a tsakiya duk na uku. Kwano ya hau ɗan'uwansa tudu ɗaya da rabi, a tsaye kuma santimita 15. Bakin rufi kada ya zarce bango fiye da santimita 45.

Katakon wawa yana da araha amma laushi gare shi, gara na sonsa, a sa katakon dahoma. Kwanon da ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa a ramuka a bar shi ga shingen banɗaki. Bulo da duwatsu da ake ɗorawa kan rufi kuwa, su ne ke fasa kan maƙwabta.

Ɗan Lambu: Baba ya gama da rufi. Amma ban goyi bayan sare dogon yaron don tsoro ba, lafiyayyar bishiya tana rage wa iska ƙarfi. A duba gindinta: ƙasa ta tsage ko ta kumbura ta gefe guda? Akwai naman kaza, kogo ko gara? An datse saiwoyi lokacin gina kwata? Yawancin saiwoyi a saman ƙasa suke, shi ya sa ake ganin bishiyoyin bakin kwata sun fi faɗuwa. In babu ko ɗaya, a rage rassan da ke kan rufi, kada a wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Yi mata ƙwal-kwabo kuskure ne, sababbin rassan ba su kama da ƙarfi. In sarewa ta zama dole, ku nemi izinin majalisa tukuna.

Mangwaron da ya faɗi, bayan ECG sun janye wayar, mai injin yanka ya fara daga ƙananan rassa. Kada kowa ya tsaya a ramin saiwa, gindin yana iya komawa mazauninsa da zarar an raba shi da gangar.

Uwar Marayu: Na gode, Allah ya saka. Na duba, da katakonsa ya taso. Baba, tamfol zai riƙe mu kafin a samu kuɗin rodi?

Tsohon Kafinta: Zai riƙe makonni kaɗan. A ƙetara shi ta kan ƙololuwa, a naɗe bakinsa a jikin katako a buga, kada a danne da dutse.