Faifai ko intanet: ina ya kamata tsohon wasan asibiti ya zauna?

Baba Likita: Assalamu alaikum. Jiya da daddare na sake kallon faifan St. Elsewhere har ƙarshe, raina ya sosu kamar kullum. Wasan kwaikwayo ne na wani tsohon asibitin koyarwa a birnin Boston, an nuna shi a Amurka daga 1982 zuwa 1988, zango shida, kashi 137. Ni a Ingila na fara ganinsa lokacin da na je kwas. Zangon farko kaɗai na samu a DVD, wanda aka buga a 2006, kashi 22. Sauran 115 har yau ina jira. Maganata ita ce: wasan da ba a buga shi ka riƙe a hannunka ba, aro aka ba ka, ba a adana shi ba. Ya kamata masu shi su buga shi gaba ɗaya.

Abba Gwammaja: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ku yi mini afuwa, amma zamanin faifai ya wuce. Ai an taɓa ɗora wasan nan duka a Hulu, dandalin kallon finafinai ta intanet na Amurka. Ko Netflix da suka fara da aika wa mutane DVD ta gidan waya sun rufe wannan sashen a 2023. A gidanmu ma na'urar DVD tana saman durowa, shekara nawa ba a jona ta ba.

Baba Likita: Abba, Hulu ba ya aiki a Najeriya. Ko da yana yi, ranar da yarjejeniyarsu ta ƙare za su sauke shi ba tare da sun yi shawara da ni ba. Faifan da ke ɗakina ba mai sauke shi.

Maman Ilham: Ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. Shi ya ara mini faifan lokacin ina makarantar koyon aikin jinya. Abin da ya kama ni shi ne ba a yi wa asibitin kwalliya ba. Kayan aiki sun tsufa, ma'aikata a gajiye, likita yana kuskure, majinyaci yana rasuwa bayan an yi iya ƙoƙari. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin taimakon gaggawa zai ga kansa a ciki. Denzel Washington yana matashi a nan ya yi suna. Kuma tun 1983 suka yi kashi a kan mai cutar ƙanjamau, lokacin da mutane ke tsoron ko ambatonta. Wannan kashin a zango na biyu yake, ni labarinsa kawai na ji daga bakin Baba. Ina so in zaunar da ɗalibaina su gani, ba sai na sayi data na yi ta fama da sabis ba.

Alhaji na Ƙofar Wambai: Likita, ni na ci abinci a harkar nan, kaset na sayar, CD na sayar, DVD na sayar, don haka bari in faɗi mai ɗaci. Kamfani ba ya buga faifai don soyayya. Lissafi yake yi. Sai an ɗauko asalin fim an wanke shi, an gyara sauti, an yi kwali, an kai kasuwa. Ga kuɗin waƙoƙi: tsofaffin wasannin nan izinin nuna waƙar a talabijin kawai aka saya, in za a sa a faifai sai an koma wurin masu waƙa an sake biya. In suka buga zango ɗaya suka ga bai mayar da kuɗi ba, wa zai tura su na biyu? Mu nan mun gani da idonmu. Ka saki fim da safe, kafin la'asar masu turawa a waya sun raba shi a kan 'yan canji. Haka shaguna suka yi ta komawa sayar da caja da kwalin waya.

Baba Likita: To Alhaji, ER fa, shi ma wasan asibiti na Amurka? Zango 15, kashi 331, daga 1994 zuwa 2009, kaf aka buga shi.

Alhaji na Ƙofar Wambai: ER kasuwar DVD tana tashe ta same shi yana kan allo, masu saye na nan da zafinsu. Naka ya gama shekara tara kafin DVD ya shiga kasuwar Amurka a 1997.

Abba Gwammaja: Kun ji ko Baba.

Maman Ilham: Abba, ba nasara ka yi ba fa. Alhaji dalilin da ya sa ba a buga ba ya faɗa, bai ce bai cancanta ba.

Malam Injiniya: Tun ɗazu nake karantawa. Na yi shekaru a ɗakin tace hoto na wani gidan talabijin, kuma ina ganin Likita da Abba kowa ya riƙe rabin gaskiya. Likita, faifai ba dutse ba ne. Wanda aka buga a masana'anta yana jurewa, amma wanda aka ƙona a kwamfuta, zafin Kano na watan Afrilu yana cinye shi a hankali, wata rana ka sa ya ƙi tashi. Kaset ya fi muni. Da damina ya yi fumfuna, da hunturu ƙura ta shige shi, in ya daɗe zaren ya manne da juna, kana kunnawa yana barin baƙin gari a kan na'ura. Na'urar ma ta zama abin nema, kamfanin Funai na Japan da ya rage yana ƙera bidiyon VHS ya daina a 2016. Mu a lokacinmu kaset ɗin U-matic tsada gare shi, in labarai suka matso ba sabo, sai a ɗauko na wasan makon jiya a ɗora a kai. Da hannuna na yi, kuma har yau abin yana damuna.

Abba kuma, ka ce intanet. Abin da ke intanet kwafi ne a na'urar wani, a ƙasar wani. Abin da yake ceton shiri shi ne yawan kwafi a wurare daban-daban. BBC da kanta ta goge shirye-shiryenta da yawa a shekarun 1960 da 1970. A 2013 aka sanar da gano kashi tara na wasanta Doctor Who da suka ɓata. A ina? A Jos, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin, saboda an taɓa aiko da kwafi Najeriya aka manta da shi a kan kanta.

Baba Likita: Allahu Akbar. To ai maganata kenan, Injiniya. Faifai dubu a gidaje dubu shi ne yawan kwafin.

Malam Injiniya: A nan na yarda da kai. Inda ban yarda ba shi ne mu zauna muna jiran Amurka, alhali namu na ruɓewa. St. Elsewhere yana hannun Disney tun da suka sayi Fox a 2019, asalinsa na ɗaki mai sanyi, ba zai ɓata ba. Wasannin CTV, gidan talabijin na jihar Kano, da muka taso da su tun zamanin Abubakar Rimi fa? Samanja da su Kasimu Yero na Kaduna fa, Karkuzu na Jos fa? Abin da mutane ke gani a YouTube galibi guntaye ne da wani ya naɗa a gidansa, hoto na rawa.

Alhaji na Ƙofar Wambai: Waɗannan kam in an tsaftace su zan saya, zan kuma sayar. Akwai wata hanya ma da kamfanin finafinai na Warner suka ɓullo da ita a 2009: ba a tara kaya a sito, sai ka yi oda a ƙona maka kwafinka. Da irin wannan aka bi, da Likita ya samu nasa ba wanda ya yi asara.

Abba Gwammaja: Amma Malam ya ce faifan da aka ƙona ba ya daɗewa. Kuma sa'annina ba mai sayen faifai, ko kyauta aka ba su ba su da abin kunnawa. Ni dai har yanzu waya nake gani.

Maman Ilham: A yi duka biyun mana. Ku ku kalla a waya, a bar mana abin da za mu ajiye a kwaba.

Baba Likita: Abba, ban hana ka wayarka ba, ni ma ban sauka daga kan maganata ba. Gobe zan sake rubuta wa kamfanin, wasiƙa ta uku kenan. Injiniya, akwai kwalin kaset na VHS a ɗakin marigayi yayana a Fagge, yawanci wasannin Hausa ne da ya naɗa daga talabijin. Kana da na'urar da ke aiki?

Malam Injiniya: Ina da ɗaya. Kada kowa ya kunna su kafin in duba, in da fumfuna za su ɓata kan na'urar su kuma tsinke. A kawo su ranar Asabar bayan la'asar. Abba, ka zo da kwamfutarka, kai za ka juye.

Abba Gwammaja: In sha Allahu zan zo, Malam. Kaset nawa ne, Baba, in san girman ma'ajiyar da zan taho da ita?

Baba Likita: Ban ƙirga ba. Zan sa a ƙirga yau da yamma in faɗa maka.