Aisha Yesufu tamu ce ko ba tamu ba?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Wlh raina a ɓace yake. Jiya na saka hoton yaran nan da aka gurfanar a kotu a Abuja ranar 1 ga Nuwamba 2024 saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, waɗanda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali kuma aka sa musu beli naira miliyan 10 kowanne, na ce mu tuna da su, ko mutum ɗaya bai tanka min ba. Mu 'yan Arewa ba mu san darajar masu tsaya mana ba. Ga Aisha Yesufu nan tamu ce, tun 2014 take fama kan 'yan matan Chibok su 276, amma kullum zaginta muke.

Baban Khalifa: Tamu? Taku ku da wa? Malam gyara zancenka, iyayenta 'yan Agbede ne a jihar Edo.

Maman Twins: Haba Baban Khalifa ka ji tsoron Allah. A Kano aka haife ta a 1973, a Kano ta tashi, a BUK ta yi digiri, Hausa a bakinta kamar ni da kai. Me kuma ya rage?

Baban Khalifa: Hajiya ko kyanwa ta haihu a akurki 'ya'yanta ba sa zama kaji. Je ki ce ta kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma mu gani.

Zazzagawa Ikon Allah: To in takarda ce ai rabin 'yan Kwari da Sabon Gari ba 'yan Kano ba ne, kuma su ke biyan haraji. Kai kanka a bincika kakanka daga ina ya zo.

Baban Khalifa: Kar ka sake ka sako kakana a maganar nan.

Ɗan Fagge: Jama'a ni fa maganar yaran nan na kawo, ba asali ba.

Jar Hula: Ni ba ruwana da inda aka haife ta, tamu ai wadda take tare da mu ce. A 2023 Peter Obi ta bi ƙiri-ƙiri, ta bar Kwankwaso ɗan Kano yana takara. In ana maganar namu a yi maganar Dadiyata, malami a jami'ar Dutsinma, aka zo har gidansa a Barnawa cikin Kaduna a watan Agusta 2019 aka tafi da shi, har yau shiru, ku da kuke kuka da Chibok sau nawa kuka ambaci sunansa?

Maman Twins: Allah Ya bayyana shi, wlh ina tausayin iyalinsa. Amma ƙanena don mutum bai zaɓi ɗan takararka ba sai ya tashi daga ɗan gari? Matar nan shekaru ta yi tana zama a Unity Fountain da ita da Oby Ezekwesili, rana da ruwan sama, kan 'ya'yan talakawan Borno da ba ta haɗa komai da su ba. Lokacin EndSARS a 2020 ita ce a gaba da hijabinta ta ɗaga hannu. Ku maza kuna ina?

Zazzagawa Ikon Allah: Muna nan Hajiya. Shehu Sani fa? Abacha ya ɗaure shi a 1995, kuma da ya je majalisa shi ya fasa ƙwai a 2018 cewa kowane sanata na karɓar miliyan 13.5 duk wata kuɗin gudanarwa. Wannan shi ne namu na gida.

Jar Hula: Duk wanda ya ɗanɗana kujera ya gama gwagwarmaya. Ita ma Hadiza Bala Usman ai da ita aka fara BBOG, fafutukar a dawo da 'yan matan Chibok, 2016 aka ba ta shugabancin NPA, hukumar tashoshin jiragen ruwa.

Zazzagawa Ikon Allah: Au, naku da ya yi gwamna sau biyu da minista da sanata bai ɗanɗana kujera ba kenan?

Jar Hula: Kar ka haɗa Madugu da kowa. Admin ka ja masa kunne.

Baban Khalifa: Ni dai a janye maganar kakana tukuna.

Ɗan Fagge: Innalillahi. Yaran nan fa wata uku suka yi a tsare kafin a sake su, da yawansu daga Kano da Kaduna aka kwaso su, akwai wanda ya san halin da suke ciki yanzu?

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda Aisha Yesufu haifaffiyar Kano ce amma ba a nan zuciyarta take ba tunda ga inda ta karkata a zaɓe, kuma wanda aka fi zalunta shi ne Dadiyata kamar yadda ɗan'uwa Jar Hula ya kawo hujja mai ƙarfi. Zazzagawa ka ba Baban Khalifa haƙuri, kuma a daina taɓa manya. Na rufe maganar.

Maman Twins: Admin wa ya yarda? Ni ban yarda ba, kuma ba a tambaye ni ba.