Tambarin "ya dace da manhaja" a bangon littafi, shi ke sa yaro ya fahimci karatu?

Malamar aji uku: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Littattafan yaran nan da ake bugowa da tambari a bango, wai sun dace da ma'aunin karatu na manhaja, kowane labari an rataya masa dabara guda, wannan na gano jigo, wancan na jero abin da ya faru bi da bi, ni dai ban yarda su ke koyar da fahimta ba. Talla ce. Yaro zai yi mako guda yana gano jigo a labarin wani zomo, ran da ka miƙa masa shafi a kan yadda ruwan sama ke samuwa sai ya zuba maka ido.

Shugaban makaranta: Wa alaikumus salam. Malama, a bi a hankali. Kin san yadda ake ciki in babu ma'auni? A ƙarshen shekarun 1970 wata mai bincike, Dolores Durkin, ta zauna a azuzuwan firamare a Amurka tana lura da darasin karatu, ta tarar lokacin da ake bai wa koyar da fahimta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Malamai tambaya kawai suke jefa wa yara, wanda ya ci ya ci, wanda ya faɗi ya faɗi. Ko ba komai ma'auni yana tuna wa malami cewa akwai abin da ya kamata ya koyar.

Malamar aji uku: Ranka ya daɗe, ai hujjata ka kawo. Buɗe shafin ƙarshe na waɗannan littattafai ka gani. Tambayoyi biyar ne da gurbin cikewa. Jarrabawar da Durkin ta gani ce, an dai yi mata sabon bango.

Mai horar da malamai: Ku ba ni dama in shiga tsakani, don abu biyu kuke cakuɗawa. A 1986 masu bincike Gough da Tunmer suka ce fahimtar karatu ita ce iya haɗa baƙi sau fahimtar harshe. Ku lura, "sau" suka ce. In ɗaya ya zama sifili, duka sifili ne. To, haɗa baƙi yana da tsani: a koyi waɗannan haruffa, sannan waɗancan. A nan littafin da aka tsara daidai da abin da aka riga aka koyar yana da amfani ƙwarai, domin yaro ba zai ci karo da harafin da bai sani ba ya koma kallon hoto yana cinka. Ingila ta ɗauki wannan da muhimmanci har tun 2012 take gwada 'yan aji ɗaya da kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne marasa ma'ana, don a tabbatar yaro haɗa baƙi yake yi, ba hadda ba. Amma fahimta ba ta da irin wannan tsanin. Ba a cewa yau yaro ya gama da jigo, gobe sai hasashe.

Shugaban makaranta: Malam, wato dabarun fahimta ba su da amfani ke nan?

Mai horar da malamai: Ban ce ba. Kwamitin karatu na ƙasa a Amurka ya sa su cikin ginshiƙai biyar na koyar da karatu a rahotonsa na 2000. Tun 1984 Palincsar da Brown suka nuna yara na ci gaba in an koya musu su yi hasashe, su yi tambaya, su warware inda ya shige musu duhu, su taƙaita. Sai dai abu ne da ake kamawa cikin ɗan lokaci. Maimaita shi shekara da shekaru ba ya ƙara wani abin kirki. Abin da ke ci gaba da ƙaruwa shi ne sanin duniya da yawan kalmomi. A 1988 Recht da Leslie suka ba ɗalibai bayanin besbol, wani wasan ƙwallo da sanda na Amurka, su karanta. Masu rauni a karatu amma sun san wasan, sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba fahimtar bayanin.

Malamin aji shida: Kullum sai an jawo mana besbol ɗin nan. Yara 64 ne kacal fa, kuma 'yan ƙaramar sakandare. Ba na musun sakamakon, amma kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Mahaifiyar wata ɗaliba: Malamai ku yi haƙuri, ni ba ta wannan fannin ba ce. 'Yata tana karatu tiryan-tiryan, ko tuntuɓe ba ta yi. In na ce ba ni labarin abin da kika karanta, sai ta maimaita layin ƙarshe ta yi shiru. Wane littafin zan nemo mata?

Ma'aikaciyar laburare: Hajiya, kafin littafi, zama da ita ya fi. Ga jimla guda: "Da ya ga hadari ya haɗo, sai ya ruga ya kwashe shanya." Babu inda aka ambaci ruwa. Yaron da ya san hadari na kawo ruwa, ruwa na jiƙa kaya, shi ke cike giɓin da kansa. Wanda bai sani ba, ko an rubuta "dabarar hasashe" da manyan baƙaƙe a bango, ba abin da zai hasaso. Ki tsaya a irin wannan wurin ki tambaye ta, "Me ya sa ya ruga?" In ta yi shiru kada ki faɗa mata amsa, ki ce, "In hadari ya haɗo, me ke biyowa?" Sannan ki karanta mata da bakinki littafin da ya fi ƙarfin karatunta, domin kunnen yaro yana gaba da idonsa na shekaru. Kuma in ta kamu da son abu guda, ko tsuntsaye ko taurari, ki tara mata littattafai uku huɗu a kansa. Kalmar da ta ba ta wuya a na farko, a na uku ta zama tata.

Shugaban makaranta: Duk na ji, amma ku ƙwararru ne. Ni sabon malami nake tunani, aji cike da yara, bai taɓa jin sunan Tunmer ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2019 cewa kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta, a 2022 ƙiyasin ya haura zuwa 70. A wannan hali in ce masa ya zaɓi abin da ya ga dama? Sannan ma'aunin Common Core na Amurka na 2010 shi da kansa ya nemi kusan rabin abin da 'yan firamare ke karantawa ya zama na bayani, kimiyya da tarihi da sauransu. Ma'aunin yana goyon bayanki, Malama.

Malamar aji uku: To ai ba da ma'aunin nake faɗa ba, ranka ya daɗe, da masu buga littafi nake. Kowane labari mai kyau yana da jigo, yana da taurari, yana da farko da ƙarshe, don haka kowane labari ya dace da ma'auni. Tambarin bai gaya mini komai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin da aka rubuta don dabarar, wanda zomo ke tsayawa a tsakiyar shafi ya yi wa yara bayanin darasi. Ma'auni ya zauna a teburina ina duba ko na tsallake wani abu. Littafi kuma a bar ni in zaɓa bisa abin da ke cikinsa.

Shugaban makaranta: In mai duba makarantu ya zo ya ce ina makon jigo a tsarin aikinki?

Malamar aji uku: Zan rubuta masa lambar ma'aunin a shirin darasi, babu matsala. Amma ina roƙon mako uku a kan ruwa kaɗai: labari ɗaya, littafin bayani biyu, da waƙa.

Shugaban makaranta: Mako uku ya yi yawa. Kawo sunayen littattafan in gani tukuna, kuma sabbin malamai za su ci gaba da masu tambarin har sai an horar da su.

Malamin aji shida: In an ba ta, ni ma a ba ni, nawa a kan jikin ɗan Adam.