Za a yanke wa ƙanena rabin muƙamuƙi: ƙarfe ko ƙashi?

'Yar Birni: Salamu alaikum. Ƙanena shekararsa 24, shekara uku ke nan muƙamuƙinsa na ƙasa yana kumbura. An yanki tsoka an auna, lokotoro ya ce ƙari ne mai suna ameloblastoma, ba ciwon daji ba ne, amma sai an yanke ƙashin gefen hagu har da haƙora. Ko a sa farantin ƙarfe kaɗai, ko a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa a dasa. Wanda ya taɓa gani, wanne ya fi?

Baba Tela: Allah ya ba shi lafiya. Ku fara da zuma da habbatussauda.

Maman Biyu: Baba, ka yi haƙuri, zumar nan ta cinye mana shekara guda. Na maigidana da farko kankare shi kawai aka yi, aka ce an gama. Shekara biyu ya dawo, ya fi da. Karo na biyu a Yamai aka yanke, aka sa ƙarfe kaɗai. Mako biyu kunu ta tiyo a hanci. Bayan wata takwas fata ta ɓule, ƙarfen ya leƙo, ruwa na zuba. Har yau leɓensa na ƙasa ba ya ji, sai na ce masa ya share baki. Gonarmu ta Mirriah ta tafi, miliyan ɗaya da rabi na sefa muka kashe.

Ɗan Zango: Kai! Mu a Kano dubu ɗari bakwai muka biya.

Maman Biyu: Naira ko sefa? Ka sa sikana da mota da masauki?

Majo: 'Yar Birni, in giɓin babba ne, ƙashin ƙugu da aka dasa haka nan yakan narke. Abin da ya fi shi ne siririn ƙashin da ke gefen sangali, a ɗauko shi da jijiyoyin jininsa a ɗinke da na wuya. Ba ko'ina ake yi ba. Tambayi lokotoro santimita nawa zai yanke.

Ɗan Zango: Majo dai ba lokotoro ba ne.

Majo: Ni ke wanke ciwon kullum, kai fa?

Hajiya Sabon Gari: Ku je wurin ƙungiyar Sentinelles nan Damagaram, suna aikin noma.

Mai Kabukabu: Hajiya, ana maganar baki kin kawo gona, damina ma ta wuce.

Majo: Cutar noma take nufi, mai cin fuskar yara. Nasa ƙari ne, dabam ne.

Maman Biyu: Ni abin da ya fi ci mini rai takardar magani. Safar hannu, zaren ɗinki, ledar ƙarin ruwa, duk kai za ka saya, tsakar dare a ce fita ka nemo.

Hajiya Sabon Gari: Wallahi! Haihuwar 'yata takarda huɗu aka ba ni a dare ɗaya.

'Yar Birni: To, ƙugun fa, yana sa ɗingishi?