Ina rubuta wa 'yan aji ɗaya labarin dodo, har ina ya kamata tsoron ya kai?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar Hausa ce a ƙaramar sakandare, ɗalibaina 'yan shekara 11 zuwa 13 ne. Na rasa yadda zan yi su so karatu, sai na fara rubuta musu labarin wani dodo da ke zaune a tsohuwar rijiya, wanda yake kwaikwayon muryar mahaifiyar yaro ya kira shi da daddare. Ranar Alhamis na karanta musu babi na farko. Wallahi ajin da ba ya shiru, ko tari babu wanda ya yi, har da masu riƙe hannun juna. Aka kaɗa ƙararrawa suka ƙi tashi. Amma ranar Litinin wani uba ya zo ya ce 'yarsa ta daina fita bayi da dare sai an raka ta. Raina bai yi daɗi ba. In ci gaba ne ko in ajiye? In zan ci gaba, me zan rage?

Tsohon malami: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ajiye. Mu da Dodo muka girma. Bayan isha'i kaka za ta shimfiɗa tabarma ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, ta kawo mana Dodon da ke haɗiye mutane, ko saurayin nan da ya ari kayan jiki ya auri budurwar da ta ƙi kowa, yana tafe yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Muna makyarkyata muna cewa a ƙara. To amma ki lura da abu biyu. Dodon tatsuniya kullum yana da lago: ko karnuka su yayyaga shi, ko Gizo ya yi masa wayo. Sannan ba a tashi sai an ce ƙurunƙus. Ke kuma kin buɗe rijiya ranar Alhamis, kin sallami yara da dodo a waje har kwana huɗu. Nan kuskuren yake. Ki riƙa tsayawa a inda yaron labarin ya samu wata 'yar nasara.

Wata uwa: Malama, ni abin da ya dame ni muryar uwar ce. Yaro in ya firgita cikin dare, wa zai kira? In kin sa masa shakka a wannan muryar, ina zai gudu? Kuma don Allah ki nesanta dodon daga gida. Ban da bayi, ban da ƙarƙashin gado. Ki kai shi dawa ko wani kango a bayan gari.

Malamin Islamiyya: Ina ƙara wa da cewa ki tsaya a kan dodo, kada ki shigo da aljani ko maye. Aljanu gaskiya ne, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu, yaro ba zai ɗauke su almara ba. Maita kuwa ta fi haɗari, domin gobe yaran za su fara nuna wata tsohuwa a unguwa, alhali mun san irin zaluncin da wannan zargi yake jawowa.

Marubuciya: Anti, ina girmama maganar Maman da ta gabata, amma ni ina ganin muryar ita ce ƙashin bayan labarin, in kin cire ta ya zama lami. Gyara za ki yi. Ki ba dodon aibi: yana iya murya, amma bai san sunan da uwa take kiran ɗanta a ɗaka ba. Uwar da ke alkunyar ɗan fari ba za ta kira sunansa na yanka ba, shi kuwa dodo da shi zai kira. Ta nan yaron labarin zai gane shi, mai sauraro ma ya koma gida da makami a hannu.

A Amurka R.L. Stine ya rubuta wa masu irin wannan shekaru jerin Goosebumps, littattafai 62 daga 1992 zuwa 1997, babi gajeru, tsoro haɗe da ban dariya, ba zubar da jini barkatai. Mu ma muna da namu: macijin rijiyar Kusugu a Daura da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Kada ki yi saurin nuna siffar dodon. Guga da ya fito da igiya a tsinke ya fi haƙora tsoratarwa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba da sauran ku. Dabarar sunan alkunya ta shige ni sosai. Zan mayar da rijiyar can bayan gari, in sa karen gidansu ya riƙa yin haushi duk lokacin da muryar ƙarya ta yi kira. Gobe kuma zan je gidan yarinyar nan in karanta mata babi na biyu a gaban mahaifiyarta kafin sauran su ji.

Wata uwa: In haka ne na yarda. Ki tafi da rana dai, Malama.