Shawarwari kan rage tsinin ƙarfin sigina a OFDM

Wasu injiniyoyi da suka tattauna kan amfani da manhajar koyo mai zurfi (wani nau'in ƙirƙirarriyar basira) wajen rage tsinin ƙarfin sigina sun yarda cewa matsalar OFDM, tsarin aika bayanai da 4G, 5G da Wi-Fi ke aiki da shi, ita ce ƙarfin sigina kan yi tsalle ya zarce matsakaicinsa sosai (wannan shi ne tsini), sai amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sigina ƙarfi, ta gurɓata shi, batir kuma ya sha wuya.

Shawarar da ta fi rinjaye, kuma ita ce ta fi gamsar da ni: wajen horar da manhajar koyo mai zurfi, kada a dubi rage tsini kaɗai. A haɗa da yawan kurakuran bayanai, in ba haka ba, manhajar za ta datse tsinin ta lalata saƙon. A kuma saka halayyar amfilifaya cikin horon. Wasu suka ce a kwatanta sakamakon da tsoffin dabarun rage tsini irin su SLM da PTS (masu gwada siffofin sigina daban-daban su zaɓi mafi ƙarancin tsini), har ta fuskar nauyin lissafi, domin wayar hannu ba ta jure lissafi mai nauyi.