Ruwan da ake ɗura wa fikafikan gilaida: yaya ake auna shi?

Ɗan Bukuru:
Salamu alaikum manyanmu. Gilaida, jirgin nan mara inji, me ya sa ake ɗura masa ruwa a fikafikai alhali rashin nauyi ake nema? Kuma ta yaya ake sanin litar da ta shiga?

Injiniyan Rayfield:
Wa alaikumus salam. Don gudu ake yi. Nauyi ba ya rage nisan da jirgin zai ci daga tsayi guda, sai dai ya ci shi da sauri. Mai kilo 400 in ya koma 500, gudun da ya fi dacewa da shi zai ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100. Inda ake jin jiki shi ne wajen hawa: cikin iskar zafi mai tashi sama, irin wadda shaho ke kewayawa a ciki, mai nauyi ba ya hawa da wuri. Ranar da iskar ba ƙarfi, ruwan ya zama kaya kawai.

Lissafin kuwa, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ka duba iyakar nauyin tashi a littafin jirgin, ka ɗebe nauyin jirgin da naka da na laimar tsira, abin da ya rage ka raba wa fikafikai biyu daidai wa daida.

Malam na Heipang:
Injiniya ya gama da lissafi, saura ɗuri. Ɗan'uwa, kada ka kuskura ka haɗa tiyon famfo kai tsaye da tankin ruwan da ke cikin fiffiken. Ƙarfin ruwan famfo yana iya ɓare fiffike daga ciki. Da mazurari ake zubawa, kada tsayinsa ya wuce kamar mita ɗaya bisa fiffiken. Awo kuma da mitar ruwa, ko jarka mai lita 20 da ka riga ka auna da kanka, don jarkokin kasuwa ba duka ke faɗin gaskiya ba. Kafin ka fara, leƙa kafar da iska ke fita daga tankin; zanzaro na son toshe ta da laka, in ta toshe kuwa iska ta rasa mafita. Bawul ɗin zubar da ruwan in yana ɗiga, a shafa masa ɗan basilin. Bayan ɗuri a riƙe fikafikan a saiti, kada ɗaya ya kwanta ƙasa.

Hajiya Matuƙiya:
Malam, ka manta tankin wutsiya. Ruwan fiffike yakan rinjayar da nauyi gaba, shi ne ake sa 'yan litoci a wutsiya bisa jadawalin littafin. Ruwan wutsiyar ya fi saurin daskarewa, kuma sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau sama, don haka a zubar tun ma'aunin zafi bai kai sifiri ba. Jos kuma ta haura mita 1,200 bisa teku, iskarta ba kauri, jirgi cike da ruwa zai ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga.

A buɗe bawul mintuna kafin sauka, don ruwan ba ya ƙarewa nan take. In gefe ɗaya ya ƙi zuba, a ƙara gudu wajen sauka, a kuma sa ran fiffike mai ruwan zai riga taɓa ƙasa.